Minti Bakwai na Kaka Ladan

Ranar Laraba, ashirin da tara ga watan Maris na shekarar 2006, wajen ƙarfe tara na safe, ina tsaye a saman wani bene da ba a gama ginawa ba a tsakiyar Nima, agogon kakana ɗaure a hannuna, ina kallon rana tana ƙarewa. Shekarata goma sha shida, ina ajin farko a babbar sakandare. Ƙawata Fusena tana durƙushe kusa da ni, ta cusa kai cikin wani kwali da muka huhhuda muka rataye ma'aunin zafi a ciki. Duk minti ɗaya in na ce "yanzu", sai ta karanto lamba ni kuma in rubuta. Daga inda muke ana hango rufin kwanon unguwa gaba ɗaya, ja da tsatsa, har Maamobi da mahaɗar Kawukudi inda motoci suka tsaya cak. A ƙasa yara sun fito da gwangwanayen madara da murafen tukwane suna ta bugu, wai a sakar musu rana. Can sai inuwa ta taso daga wajen teku ta rufe mu ruf. Kaji suka nufi akurki, Zara ta fito da safiyar Allah, gari ya ɗauki kabbara da ihu lokaci guda. Fusena ta ƙanƙame ƙafata tana cewa, "Sakina, rana ya mutu!" da irin Hausarmu ta 'yan Nima. Ni dai ban manta abin da ya hau da ni ba. Na cire tabarau na kallon rana, na dubi agogo, na rubuta tara da minti goma sha bakwai da 'yan sakan, har na ja layi biyu a ƙasa don jin daɗi.

Kafin in faɗi yadda wannan lamba ta so ta kunyata ni, bari in koma gida. Gidanmu na haya ne, ɗaki goma sha biyu kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya wanda sai ya ga dama yake kawo ruwa. Akwai Bazabarme mai sayar da albasa, akwai Dagomba, akwai 'yan Kotokoli, akwai mu da kakanninmu suka zo daga ƙasar Hausa fataucin goro suka zauna. Kowa da yarensa a ɗaki, amma a tsakar gida da Hausa ake faɗa da Hausa ake shiri. Mma, wato mahaifiyata, koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, saboda haka ni ce mai kai gero da wake injin niƙa, ni ce mai bin layin ruwa da jarkoki in famfo ya yi yaji, ni ce mai wanke robobi kafin in sa kayan makaranta. In na sami sarari sai wasan ampe a lungu, mu yi ta tsalle da tafi har ƙafa ta yi fari. Ba a cika cin ni a ampe ba, in ma an ci ni ba na yarda. Mma takan ce bakina ya riga ƙafata fitowa duniya, kuma ban taɓa musa mata ba.

Kakana, Malam Inusa, shi ne ladanin ƙaramin masallacin bayan gidanmu, kowa Kaka Ladan yake kiransa. Ni kuwa "matata" yake ce mini, irin wasan jika da kaka, ni ma in ce masa tsohon miji marar cefane. Dogo ne siriri, ba ya gaggawa a komai, kuma har ya bar duniya Ankara yake kiran Accra kamar yadda ya ji iyayensa suna faɗa. Abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne kiran sallarsa ba ya gaba ba ya baya. Tela mai rediyo a shagonsa ya sha rantsewa cewa Kaka yana ɗaga murya, lokaci yana cika. Mma da kiransa na azahar take sanin ta tattara kaya. Duk mun ɗauka sirrin yana cikin agogonsa, wani tsohon agogon hannu mai wani, irin wanda ake murɗawa da hannu, fuskarsa ta yi rawaya, wanda ba ya ɗaurawa sai dai ya sa a aljihun gaba. Ba mai taɓa shi. Ni da nake matarsa ma sau biyu kacal na taɓa riƙe shi kafin wannan shekara.

A makarantarmu, can wajen Kokomlemle, muna da malamar kimiyya, Madam Ajowa, gajeriya mai ƙaramar murya da ba ta taɓa ɗaga bulala ba amma duk ajin tsoronta muke ji. Wata guda kafin husufin ta shigo da wata takarda ta ce wasu masu bincike a jami'a suna neman makarantu su taya su aiki. Suna so su san daidai lokacin da duhu zai sauka da lokacin da zai ɗaga a sassa daban-daban na gari, da yadda zafin iska zai ragu minti bayan minti. Su ba su da yawa, ba za su iya tsayawa a ko'ina ba, mu ne za mu zama idanunsu. Ta ce wannan ba jarrabawa ba ce da amsarta ke bayan littafi, su kansu masu binciken ba su san abin da za a samu ba, musamman a unguwa mai cunkoso da rufin kwano. Kai, ranar na ji kaina ya yi girma! Tunda nake, duk abin da aka koya mini wani ne ya riga ya gano shi ya mutu. Yau ga abin da ba wanda ya sani, kuma ana nema a wurina. Da ta tambayi wa zai tsaya a Nima, ban ma ɗaga hannu ba, miƙewa na yi.

Mako uku ta yi tana horar da mu a filin makaranta. Ta koya mana kada mu kuskura mu dubi rana ba tabarau na musamman sai lokacin da ta rufe gaba ɗaya, da yadda ake sa ma'auni a inuwa nesa da siminti mai zafi. Ta hana fensir, ta ce da biro za a rubuta. Maganarta da na fi tunawa ita ce, "Abin da idonka ya gani shi za ka rubuta, ko da ya ba ka kunya." Sai dokarta ta ƙarshe, wadda ta maimaita har muka gaji: kowa ya saita agogonsa da ƙarar nan ta rediyo da ake yi kafin labarai, da safiyar ranar. A nan ne na yi abin da na yi. Na ce a raina wannan doka ta masu agogon roba na kasuwar Circle ce. Ni da zan ari agogon da unguwa guda ke sallah da shi, in je in gwada shi da rediyo? Ai rediyon ne ya kamata ya zo ya gaishe shi. Har a aji na faɗa, da ƙarfi, aka yi dariya, Madam ta dube ni ta ce dai a saita. Na ce to, ban saita ba.

Kwana uku na yi ina lallashin Kaka kafin ya yarda, da sharaɗin in dawo da shi kafin azahar. Da safiyar Laraba ya ɗaura mini da kansa, ya ƙara da robar ɗaure leda don ya yi mini yawa, ya ce, "Matata, in kika fasa shi, na sake ki." Shi ya wuce masallaci inda za a yi sallar husufi. Mma ta rufe tukunyar koko da murfi biyu don tsofaffin gidan sun ce kada hasken ya taɓa abinci, amma da na nuna mata yadda rana ke bi ta hujojin matsamin ƙosai tana zuba ƙananan jinjirin wata a ƙasa, sai da ta kira duk matan gidan suka kewaye shi. Aikinmu a saman bene ya tafi lafiya lau. Ba mu tsallake minti ko ɗaya ba, daga fari har rana ta dawo cikakkiya. Na sauko ina taku ɗai-ɗai, na mayar wa Kaka agogonsa tun sha ɗaya ba ta yi ba.

Washegari Madam ta jera takardun kowa a kan tebur, muka kewaye. Na Adabraka, na Kotobabi, na filin makaranta, duk duhu ya sauka a kansu tara da minti goma, bambancinsu 'yan sakan ne. Tawa kaɗai ce ta ce sha bakwai, ga layina biyu a ƙasa suna kallona. Wani yaro mai suna Kofi, wanda kullum muke takun-saƙa da shi a kan na ɗaya a aji, ya ce, "Eii, a Nima har rana ma sai ta makara!" Ajin ya fashe. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba, a'a, tunanin cewa za a tura aikin gari duka ba Nima a ciki, kuma ni ce sanadi. Fusena ta matso ta raɗa mini cewa tana da sabuwar takarda, mu sake kwafa mu cire bakwai a kowane layi, wa zai sani? Na karɓa har na sa a jaka. Kamar ta ji mu, Madam ta kira ni gefe ta ce ba ta ce na yi ƙarya ba, amma ranar Juma'a da rana za ta kai takardu, kuma ba za ta kai wadda ba ta san dalilin kuskurenta ba. In na cire bakwai don kawai na ga na wasu, to na kwafi nasu ne, ba na Nima ba ne. "Nemo mini dalili," in ji ta, "ko in bar ta a nan."

Na dawo gida na kasa cin abinci. Yaya zan dubi Kaka in ce agogonsa ba daidai ba ne? Na zauna a bakin ƙofa da wake a tire ina tsincewa, ina satar kallonsa yana lazimi a kan buzu. Da la'asar ta gabato ya ciro agogo ya duba, ya mayar, ya dafa bango ya miƙe. Na ajiye tiren na bi bayansa daga nesa. Tsakanin gidanmu da masallaci, in aka aike ni, kafin Mma ta juya ƙosai na je na dawo. Ban taɓa bin hanyar da ƙafar Kaka ba sai ranar. Ya fita zaure ya tsaya. Ya bi lungu yana dafa bango, ya tsaya a wajen mai gawayi kamar gaisuwa yake yi, alhali numfashi yake mayarwa. Da ya kai katakon da aka gitta a kan kwata sai ya ɗaga gwiwarsa ta dama da hannu ya ɗora, ya jima, sannan ya ja ta hagu. Matakala uku na masallaci, kowace sai da ya huta a kanta. Yana kama makirifo ya ɗaga murya, na dubi agogon bangon shagon tela, lokaci ya cika daidai. Sai na koma gida da gudu don kada ya gan ni.

Bayan magariba na kai masa tuwo na zauna, na gaya masa komai, har da takardar Fusena da ke jakata. Ya ture kwanon tuwon gefe. Sannan ya ce agogonsa lafiyarsa ƙalau, shi ne kullum bayan asuba yake saita shi da rediyo, ya tura shi gaba minti bakwai cif. In agogo ya ce lokaci ya yi, sai ya tashi, in ƙafarsa ta kai masallaci, lokacin gaskiya ya yi. Da can minti biyu ne, gwiwa ce ta mayar da shi bakwai. Murna ta kama ni, na ce shi ke nan, gobe ya zo ya gaya wa Madam. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce akwai samari a masallaci da suka daɗe suna cewa tsoho ya huta, abin da ya hana su kawai shi ne ba su taɓa kama shi da makara ba. Makarantarmu kuwa cike take da 'ya'yan unguwa, in ya faɗa da safe, kafin Juma'a ta tashi labari ya zaga. "Shekara talatin ina wannan kira, matata," in ji shi. "Takardarki ta kwana nawa?" Na kwashe kwano na fita, raina a ɓace, rabi da shi rabi da kaina.

Da safiyar Juma'a na ciro takardar Fusena na dube ta, fara fes, na ga ba zan iya ba. Na ba Mma ta naɗe ƙosai da ita. Na riga na haƙura cewa Nima ba za ta shiga ba. Ina ɗaura takalmi sai ga Kaka ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, hula a karye, ƙaramar rediyonsa a hammata, ya ce, "To, ina ake hawa motar taku?" Mma ta saki matsami a cikin mai. Sai da yaron torotoro, wato motar haya, da wani fasinja suka taru suka ɗaga shi ya shiga. Na makara ranar, kuma ban taɓa jin daɗin makara kamar haka ba.

Madam Ajowa ta tarbe shi da hannu biyu ta shigo da shi aji. Kofi ne ma ya ruga ya ɗauko masa kujerar malamai. Kaka ya ajiye agogo a tebur, ya kunna rediyo, ya ce a jira ƙarfe goma. Aji ya yi tsit, ba ka jin komai sai shuuu na rediyo. Da ƙarar ta buga, Madam ta sunkuya ta duba: goma da minti bakwai, hannun sakan a kan sha biyu daram. Sannan ya fara bayani da Hausa ni ina mayarwa da Turanci. Da ya zo wurin gwiwa sai na ji kunyarsa ta kama ni, ga 'yan unguwarmu huɗu a ajin sun zuba ido, na ce wai kakana yana son isa masallaci da wuri ne shi ya sa. Ashe tsohon yana tsintar Turanci, shekarun da ya yi yana sayar da goro ba a banza ba. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ba haka na ce ba. Faɗa musu yadda na faɗa." Na faɗa. Na ce kakana ya tsufa, tafiyar da yaro ke yi a minti ɗaya shi bakwai take ɗaukarsa. Ban rage ko kalma ba.

Madam ba ta goge komai a takardata ba. A ƙasan layina biyu ta rubuta cewa agogon da aka yi aiki da shi yana gaba da minti bakwai daidai, an gwada da rediyo, mai shi ya tabbatar haka yake ranar Laraba. Ta miƙa wa Kaka biro ya sa hannu da ajami, daga dama zuwa hagu, a tsanake. Sai ta juya ta ce wa ajin kuskuren da aka san girmansa ba ya ɓata aiki, masu bincike za su cire shi su yi amfani da kowane layi. Ni kuma ta ce mini lokaci na gaba in saita da rediyo ko da agogon sarki aka ba ni. Takardar ta tafi da rana. Bayan wasu watanni wasiƙar godiya ta zo da jerin wuraren da aka yi amfani da awonsu, ga Nima a ciki, ƙaramin rubutu tsakanin sauran. Na karanta wa Kaka sau uku, ya ce ya ji tun na farko.

Labari kuwa ya zaga kamar yadda ya faɗa. Samarin suka sake tayar da maganar hutu, ya saurare su, ya ce ranar da ya makara su karɓa. Bai makara ba. Amma tun daga lokacin ya daina ɓoyewa, duk wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba ya ce a cire bakwai. Ina aji na ƙarshe ya zama a cire goma. Ina jami'a ya kai sha biyar. Da ya kai ashirin, shi da kansa ya kira ɗaya daga cikin samarin ya miƙa masa makirifo, ya koma sahun farko ya zauna. Bayan rasuwarsa Mma ta ba ni agogon naɗe a ƙyalle.

Yanzu ni ce ke tsaye a gaban aji, ina koyar da kimiyya a wata sakandare nan cikin Accra. Ɗalibaina suna karɓar hotunan sama daga manyan madubai masu hangen nesa ta kwamfuta, su yi ta ƙura ido suna neman ɗigon da ya matsa daga hoto zuwa hoto, su aika wa masu bincike. Sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma na hana su fensir. An gama benen nan tuntuni, an rufe kwatar da siminti, kiran sallah ma waya ce ke tuna wa ladan. Duk wayoyin ajin lokaci ɗaya suke nunawa, ba mai gaba ba mai baya, ba wanda lokacinsa ke ɗauke da labarin ƙafarsa. Ni dai kullum da safe nakan yi wa tsohon agogon wani, in tura shi gaba minti bakwai, in ɗaura. Duk shekara sai an sami mai baki irina ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, agogonki ba daidai ba ne." Nakan ce masa daidai yake, wani ne ke kan hanya.